Sai Baba na Shirdi: faƙirin da ya ƙi faɗin asalinsa

Ɗan Bauchi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu kallon fina-finan Indiya sun san hoton nan: dattijo mai farin gemu, ya ɗaure kai da ƙyalle, yana zaune kan dutse ya ɗora ƙafar dama bisa gwiwar hagu. Shi ne Sai Baba na Shirdi, wanda ya rasu ranar 15 ga Oktoba 1918. Miliyoyin 'yan Hindu suna bauta masa, alhali a masallaci ya yi zamansa, kuma kalmar da ba ta barin bakinsa ita ce "Allah Malik". To shi wane ne? Abubuwan al'ajabin da ake jingina masa kuma, wanne ne mai tushe? Don Allah duk mai magana ya zo da hujja.

Malam Na-Zariya:
Wa alaikumus salam. Kafin komai a raba mutum biyu da ake yawan cuɗawa. Akwai na Shirdi a jihar Maharashtara, wanda ka kawo. Akwai kuma Satya Sai Baba na Puttaparti, mai tulin suma da riga ruwan lemo, wanda aka haifa a 1926 ya mutu a 2011. Wannan na biyun ne a 1940 ya ce ran na Shirdi ya dawo duniya a jikinsa. Labaran fito da zobe da toka daga tafin hannu nasa ne. Tokar dattijon Shirdi, wadda suke kira udi, daga wutar da yake hurawa a masallaci yake ɗebo ta, kowa na gani.

Abu na biyu shi ne ƙashin bayan maganar: wa ya rubuta, kuma yaushe? Sai Baba bai bar littafi da hannunsa ba. Littafin da mabiyansa suka riƙa tamkar wuridi, Shri Sai Satcharita, wani ma'aikacin gwamnati mai suna Govind Dabholkar ne ya tsara shi a waƙe da harshen Marati, baiti sama da 9,000. Dabholkar bai taka Shirdi ba sai 1910, Baba ya riga ya tsufa. An fara buga aikin kashi-kashi a mujallar Sai Leela daga 1923, shi kuma ya rasu a 1929. Bayansa sai Narasimhaswami, lauya daga kudancin Indiya, wanda ya zo Shirdi a 1936, shekara 18 bayan rasuwar Baba, ya bi tsofaffin mabiya yana ɗaukar bayaninsu. Abin da aka rubuta Baba na raye kaɗan ne: kundin yau da kullum na lauya Khaparde, wanda ya zauna a garin a Disamba 1910 da kuma daga Disamba 1911 zuwa Maris 1912, sai waƙoƙin yabo na Das Ganu, sai littafin hadiminsa Abdul. Duk abin da ya faru kafin 1900, wato shekara 40 na farkon zamansa, daga bakin tsofaffin gari aka ɗauko shi.

Maman Hafsa:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai a wajena Musulmi ne Basufe, kuma ba da ka nake faɗa ba. A duba sunan kansa. Labarin ya ce ya shigo Shirdi cikin 'yan rakiyar ango na gidan Chand Patil, wani Musulmi daga ƙauyen Dhup. Da ya sauka kusa da ɗakin bautar Khandoba, wani abin bautar 'yan Hindu, mai kula da wurin, Mhalsapati, ya tarbe shi da cewa "shigo, Sai". Kalmar nan da ita ake kiran faƙirai. Kuma shi Mhalsapatin, ganin shigarsa ta Musulmi, bai bar shi ya sauka a ɗakin bautar ba. Shi ya sa ya koma wani tsohon masallaci na ƙasa da ya fara zubewa.

Shigarsa kafni ce, doguwar rigar faƙirai, da ƙyalle a ka. Yana sa a karanta Fatiha kan abinci. Yana cin nama da kifi tare da faƙirai, yana dafa shinkafa da nama a babbar tukunya ya raba, abin da malamin Hindu na yankin ba zai kusanta ba. Bikin shekara da aka fara yi a garin da izininsa a 1897 sunansa Urs, irin wanda ake yi wa waliyyan Musulmi a Indiya. Sai a 1912 aka haɗa shi da bikin haihuwar Rama, ɗaya daga abubuwan bautar 'yan Hindu.

Hujjar da ta fi ƙarfi kuwa littafin Abdul ne. Abdul ya zo daga Nanded a 1889, ya yi masa hidima har rasuwarsa, yana shara, yana kula da fitilu, yana karanta Alƙur'ani a gabansa, yana rubuta abin da ya ji daga bakinsa da harshen Urdu. Da wata mai bincike, Marianne Warren, ta fitar da fassararsa a 1999, sai aka ga a ciki akwai ayoyi, da labarin Annabi (SAW) da sahabbai, da silsilar ɗariƙun Sufaye. Marubutan Hindu sun daɗe ba su taɓa shi ba saboda ba sa karanta Urdu.

Yaya Bitrus:
Maman Hafsa, rabin kayan kika sauke. Masallacin nan wane suna ya sa masa? Dwarkamai, daga Dwarka, birnin Krishna, abin bautar 'yan Hindu. A cikinsa ya hura dhuni, wutar da ba a barin ta mutu, wadda aka fi sanin masu zuhudun Hindu na ɗariƙar Nath da ita. Ya bari ana kaɗa ƙararrawa, ana busa ƙahon kodi, ana shafa masa garin sandal a goshi, ana zagaya fuskarsa da fitila ana waƙa, duk a cikin masallaci. Akwai itacen tulsi, wanda 'yan Hindu ke tsarkakewa, a farfajiya. Ya sa an gyara ɗakunan bautar garin da suka lalace. Akwai kuma ranar da ya yi wa Nanasaheb Chandorkar, babban jami'in gwamnati da ya san Sanskirit, harshen littattafan addinin Hindu, sharhin wani baiti na littafinsu mai tsarki Bhagavad Gita kalma bayan kalma har ya kashe masa baki. Sannan kunnuwansa a huje suke, kuma huda kunnen yaro namiji al'adar Hindu ce da ake yi tun yana jariri.

Maman Hafsa:
Yaya Bitrus, duba shekarun. Bautar fitila da jerin gwano zuwa Chavadi, ɗakin taron gari da yake kwana kowane dare na biyu, duk sun kankama ne wajen 1909 zuwa 1910, lokacin da lauyoyi da ma'aikata 'yan Hindu suka fara kwararowa daga Bombai saboda waƙoƙin Das Ganu. Su suka zo da tsarinsu. Littattafan kansu sun nuna da farko yana korar masu zuwa da kayan bauta, yana fushi, yana zagi. Bari daban, koyarwa daban.

Malam Na-Zariya:
Batun kunne da kaciya, shaidu sun saɓa. Akwai riwayar da ta ce yana da kaciya, akwai wadda aka jingina wa Chandorkar cewa ba shi da ita. Ba za a gina hukunci a kan wannan ba.

Mu zo Pathri, don a nan gizo yake saƙar. Pathri gari ne a gundumar Parbhani, sama da kilomita 250 gabas da Shirdi, kuma a wancan zamani yana ƙarƙashin Nizam, sarkin Haidarabad. Riwayar ta ce Baba ya gaya wa Mhalsapati cewa iyayensa Birahman ne na Pathri, wato 'yan ajin malaman Hindu, suka miƙa shi ga wani faƙiri tun yana jariri. Mhalsapati ya rasu a 1922, maganar ta fito a mujalla bayan haka, don haka babu wanda ya sake komawa ya tambaye shi. A 1975 wani mai bincike, V. B. Kher, ya je Pathri ya tattara zancen dattawa, ya tsaya kan cewa Baba ɗan gidan Bhusari ne da ya bar gida yana yaro. An gina ɗakin bauta a kangon gidan. Abin da Kher ya samu ya nuna akwai yaron da ya ɓace daga wani gida. Bai nuna cewa yaron nan shi ne ya bayyana a Shirdi ba. Babu takardar haihuwa, babu ɗan uwan da ya zo ya gane shi yana raye, alhali ya shekara 60 a wuri ɗaya.

Shekarun ma lissafi ne. Dabholkar ya ce an fara ganinsa ƙarƙashin bishiyar dogon yaro yana ɗan shekara 16, ya yi shekara 3, ya ɓace, ya dawo da 'yan biki ya zauna shekara 60. In ka cire 60 daga 1918 ka sami 1858, in ka cire shekarunsa 20 na lokacin da ya dawo ka sami 1838. Daga nan shekarar haihuwar ta fito. Wasu marubutan sun sa zuwansa a 1872, bambancin shekara 14. Ranar 28 ga Satumba 1835 da ake yaɗawa kuwa daga bakin na Puttaparti ta fito.

Ɗan Bauchi:
Malam, to shi ba a taɓa tambayarsa ba ne?

Malam Na-Zariya:
An tambaye shi, har da sunan kotu. An kama wani da kayan ado na sata, ya ce Baba ne ya ba shi. Kotun Dhulia ta turo wakili Shirdi ya ɗauki shaidarsa. Yadda Narasimhaswami ya kawo zancen daga Das Ganu: aka tambayi sunansa, ya ce ana kiransa Sai Baba. Sunan mahaifi, ya ce shi ma Sai Baba. Malaminsa, ya ce Venkusa. Addininsa, ya ce Kabir. Jinsinsa a tsarin ajin haihuwa na Indiya, ya ce Parvardigar, kalmar Farisanci mai nufin Ubangiji. Kabir kuwa masaƙi ne mawaƙi na ƙarni na 15 a Banaras, wanda ya caccaki limaman Musulmi da malaman Hindu baki ɗaya. A ganina wannan amsar ta fi duk binciken da aka yi daga baya nauyi: da gangan mutumin ya rufe ƙofar.

Rufewar ba ta hana rigima ba. A Janairu 2020 babban ministan Maharashtara, Uddhav Thackeray, ya ware wa Pathri rupi biliyan 1 yana kiran garin mahaifar Baba. Mutanen Shirdi suka rufe kasuwanni da shaguna ranar 19 ga watan. Garin da ke rayuwa da maziyarta, har da filin jirgin sama da aka buɗe a 2017, ba zai so a raba masa baƙi ba.

Injiniya Mai-walda:
Ku ba ni fitilu, wannan fannina ne. Labarin shi ne yana roƙon mai daga 'yan tireda yana kunna ƙananan fitilun kasko a masallaci. Wata rana suka haɗa baki suka hana shi, suka biyo shi su ga yadda zai yi. Ya ɗauki gwangwaninsa mai ɗan ɗigon mai a gindi, ya zuba ruwa, ya kurɓa, ya sake cika shi da ruwa, ya zuba a fitilun, ya kunna, suka ci har asuba.

Masu musu suna kawo bayani biyu. Na farko: mai ya fi ruwa rashin nauyi, don haka yana hawa sama. In ka zuba ruwa a kaskon da ke da sauran mai, ruwan zai ɗago man zuwa bakin lagwani. Kaskon da ba a shafe shi ba, wanda ya daɗe yana aiki, shi ma ya sha mai a jikinsa. Wannan gaskiya ne, kowa zai iya gwadawa da man gyaɗa da auduga. Sharaɗi shi ne a fara jiƙa lagwanin da mai, kuma gindinsa kada ya nutse cikin ruwan. In ya taɓa ruwa zai ja shi, wutar ta yi ta tartsatsi ta mutu. Matsalar ita ce lissafi. Ƙaramar fitila mai siririn lagwani tana shan kamar cokalin shayi 1 a awa. Daga magariba zuwa asuba awa 10 ne ko fiye, ke nan cokali 10 kowace fitila. Ɗigon mai zai ba ka mintuna, ba zai kai ka asuba ba.

Na biyu: kabaid, wanda muke walda da shi, masu ayaba suke nuka da shi. In ruwa ya taɓa shi yana fitar da iskar gas mai ci da farar wuta. Amma sai bayan 1892 aka fara sarrafa shi don kasuwa, a Amurka da Faransa. Yana tafasa, yana wari kamar tafarnuwa, yana barin farin tabo, kuma a buɗaɗɗen kasko cikin mintuna zai ƙare, don fitilarsa ta gaske tana buƙatar tanki biyu da famfon ɗiga ruwa. 'Yan tiredan da ke tsaye a wurin da sun ji warin. Bayanin nan bai zauna ba.

Abin da ya rage shi ne tambayar Malam. Labarin ba shi da shekara a littafin, ba a ambaci sunan ɗan tireda ko ɗaya da ya ba da shaida ba, kuma wanda ya rubuta ba ya nan. "Suka ci fiye da yadda aka zata" yana iya zama "suka ci har asuba" cikin shekara 20 na baki da baki.

Dakta Hauwa:
Injiniya ya yi adalci. Bari in ɗauki na jiki. Mafi girma shi ne na 1886: asma ta tsananta masa, ya gaya wa Mhalsapati ya tsare jikinsa kwana 3, in bai dawo ba a binne shi. Numfashi ya tsaya, ba a jin bugun jini, mutanen gari suka so a binne, Mhalsapati ya hana, bayan awa 72 ya motsa. Tambayar likita a nan ita ce me aka gani a jikin. Gawa tana fara sandarewa cikin awa 2 zuwa 6, ta gama wajen awa 12. Jini yana kwantawa a ɓangaren da ke ƙasa ya yi duhu. Cikin kwana 2 ƙasan ciki ya fara canza launi, wari ya biyo. Labarin bai kawo ko ɗaya daga waɗannan ba, kuma babu likitan da ya duba shi. Bugun da ya yi rauni sosai ba a jinsa a wuyan hannu, sai a jijiyar wuya ko da abin sauraron ƙirji. Doguwar suma ta fi dacewa da abin da aka bayyana.

Na kwalara shi Dabholkar ya buɗe littafinsa da shi, wajen 1910. Baba ya zauna ya niƙa alkama da dutsen niƙa, mata 4 suka karɓe shi suka ƙarasa, ya ce a barbaɗa garin a iyakar ƙauye, annobar ta lafa. Tun 1884 Robert Koch ya nuna ƙwayar cutar a Kalkata, a cikin ruwan tafkin da mutane ke sha. A ƙaramin ƙauye annobar tana tashi da sauri, ta kama waɗanda ke shan gurɓataccen ruwan, ta sauka cikin makonni. Duk abin da aka yi a ƙarshenta shi zai ɗauki yabon. Da an ba mu adadin waɗanda suka kamu kafin niƙan da bayansa, da an sami abin aunawa.

Wanda ba na musunsa shi ne ƙunar hannu. A bikin Diwali na 1910 ya cusa hannunsa cikin wutar dhuni, ya ce ya ceto jaririn wani maƙeri da ya faɗa wutar maƙera a wani gari mai nisa. Ƙunar ta tabbata, mutane da yawa sun gani. Chandorkar ya ɗauko likita daga Bombai da magunguna, Baba ya ƙi buɗe hannun, ya ce Allah ne likitansa. Wani mai cutar kuturta, Bhagoji Shinde, shi ya riƙa shafa masa man shanu, ya ɗora ganye, ya ɗaure, kowace safiya har 1918. Ɓangaren jaririn kuwa daga bakinsa kaɗai aka ji.

Ustaz Ɗan Maraɗi:
Dakta, Allah ya saka. Ina so in tsayar da 'yan uwa Musulmi kan wani abu, don na ga ana neman a ce in abin ya faru to waliyyi ne, in bai faru ba maƙaryaci ne. Malamanmu ba haka suka raba ba. Abin da ya saɓa al'ada in ya fito a hannun Annabi mu'ujiza ce, a hannun salihi mai bin shari'a karama ce, a hannun wanda ya kauce istidraji ne. Ma'aunin shi ne aƙida da aiki. Mutumin da aka yi wa sujada a gabansa, aka kira shi abin bauta, bai hana ba a ƙarshen rayuwarsa, wannan abu ne mai girma a wurinmu. Masu kare shi suna cewa majzubi ne, wanda hankalinsa ya tafi a cikin shauƙi, alƙalami ya ɗauke a kansa. Halayensa na fushi ba dalili da magana a dunƙule sun yi kama da haka. Ko da hakan ne, majzubi ba a koyi da shi. Makomarsa tana wurin Allah, ban da hurumi a kai. Abin da na yarda da shi a tarihinsa shi ne zuhudu: bara daga gidaje 5 ya ci har ya mutu, kuɗin da baƙi ke ba shi yana rabar da su kafin dare, kuma rupi 16 aka samu a wurinsa.

Yaya Bitrus:
Ustaz, su ma can masu tsaurin Hindu irin matsayarka suka ɗauka, ta ɗaya gefen. A 2014 Swami Swarupanand Saraswati, Shankaracharya na Dwarka, wato ɗaya daga manyan jagororin addinin Hindu, ya ce Sai Baba faƙirin Musulmi ne mai cin nama, bai halatta a ajiye gunkinsa a ɗakin bauta ba. Aka yi taron malamai a Kawardha a kan haka. A Oktoba 2024 an cire gumakansa daga wasu wuraren bauta a Banaras. Yawancin mabiyansa ba su saurare su ba.

Ɗan Bauchi:
To binne shi da aka yi fa? Na ɗauka 'yan Hindu ƙona gawa suke yi. Wannan bai raba gardama ba?

Malam Na-Zariya:
Bai raba ba, ƙanena. 'Yan Hindu ba sa ƙona gawar wanda ya bar duniya ya shiga zuhudu, binne shi suke yi, kabarin su kira shi samadhi. Don haka ɓangarorin biyu sun yarda a binne, wurin ne aka yi jayayya a kai. Ya rasu ranar Talata wajen ƙarfe 2:30 na rana, bayan zazzaɓin da ya fara ranar 28 ga Satumba, a daidai lokacin da murar 1918 ke kashe mutane a yankin Bombai. Ranar ta dace da bikin Vijayadashami na Hindu, ta kuma dace da 9 ga Muharram 1337. Musulmi suka ce a binne shi a fili a yi masa hubbare. Yawancin 'yan Hindu suka ce a kai shi gidan dutsen da attajiri Buti na Nagpur ya gina, a ɗakin da aka tanada don gunkin Krishna. Sai da jami'an gwamnati suka zo daga Kopargaon, ra'ayin gidan Buti ya yi rinjaye. Abdul ya ci gaba da kula da kabarin, yana lulluɓe shi da mayafi da furanni kamar na waliyyai, har ya rasu a 1954. A Oktoban wannan shekarar aka kafa gunkin farin dutsen da ke wurin yanzu.

Maman Hafsa:
Dakta, littafin ya ce gawar ta yi awa 36 ba ta sandare ba, har aka cire masa riga ba a yage ta ba. Wannan fa?

Dakta Hauwa:
Maman Hafsa, sandarewar gawa ba ta dawwama. Bayan ta cika wajen awa 12, takan tsaya kamar wasu awa 12, sannan naman ya fara saki, daga muƙamuƙi da wuya zuwa hannuwa da ƙafafu, yadda ta shigo. Zuwa awa 36 yawanci ta wuce, kuma a wuri mai zafi, ko ga tsoho marar tsoka da ya yi kwana 17 yana zazzaɓi ba ya cin abinci, tana zuwa da rauni ta tafi da wuri. Waɗanda suka cire rigar gaskiya suka faɗa, gaɓoɓin a sake suke. Da a awa 12 aka cire ta aka same su haka, da shi ne zan tsaya in yi dogon tunani.